Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Dalilan Da Ke Hana Wardi Yin Fure A Lambunan Batsari Da Safana

Gabatarwa

Wardi fure ne da sunansa ya riga shi zuwa ƙasar Hausa. Tun kafin a fara ganin tsironsa a harabar makarantu da ofisoshi, jama'a sun san ruwan wardi da turarensa ta hannun fatake da alhazai, ita kanta kalmar ma daga Larabci aka aro ta. Sai dai duk wanda ya gwada dasa shi a yammacin Jihar Katsina, kamar a ƙananan hukumomin Batsari da Safana, yakan zo da ƙorafi iri ɗaya: tsiro ya kama, ya yi ganye shar, amma shekara ta zagayo babu fure, ko kuwa ƙunshin furen ya fito, ya bushe tun bai buɗe ba. Abin da akan fara yi a irin wannan hali shi ne a garzaya kasuwa a sayo maganin feshi, alhali sau da yawa ba ƙwari ne tushen matsalar ba.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan darasi ita ce nuna wa ɗalibi yadda zai bi diddigin dalilin da ya hana tsiro fure kafin ya nemi magani. An ɗauki wardi ne a matsayin misali domin yana saurin nuna damuwarsa, amma darasin ya shafi wake da gyaɗa da tumatir da ke gonar kowane gida.

Asalin Wardi

Masana tsirrai sun sanya wardi a rukunin da suke kira Rosa, wanda ya ƙunshi jinsuna fiye da 100, kusan dukkansu 'yan asalin ƙasashe masu sanyi ne na Asiya da Turai da Arewacin Amurka. Wardin da ake tatsar turare daga gare shi, wato Rosa damascena, ana nomansa a Bulgeriya da Turkiyya da Iran da Maroko, da kuma tsaunukan Ɗa'ifa a ƙasar Saudiyya. Sai an tara kilo 3,000 zuwa 4,000 na furen kafin a sami kilo ɗaya na man wardi, shi ya sa tsadarsa ta shahara.

Yawancin wardin Turai na dā sau ɗaya yake fure a shekara. A ƙarshen ƙarni na 18 ne aka kai wardin ƙasar Sin zuwa Turai, wanda yake da ɗabi'ar maimaita fure, aka yi ta barbararsa da na can. A shekarar 1867 wani manomin furanni a Faransa mai suna Guillot ya fitar da irin da ya raɗa wa suna La France, wanda ake ɗauka shi ne farkon wardin zamani. Irin wannan wardi mai maimaita fure shi ne ake sayarwa a wuraren renon furanni na Kano da Kaduna da Jos.

Ya kamata a bambanta wardi da kariya, tsiron nan mai kaurin gindi da ke yin jan fure da rani. Turawa na kiran kariya wardin hamada, amma ba su da dangantaka ko kaɗan. Kariya 'yar gida ce, ta saba da fari, kuma ruwan jikinta guba ne. Wardi kuwa baƙo ne, saboda haka sai an yi masa hidimar baƙo.

Yanayin Batsari Da Safana

Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna gefen dajin Rugu, kusa da iyakar Jihar Zamfara. Damina a nan gajera ce, ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar ba, sauran watannin shekara kuwa rani ne. Ƙasar noma a yawancin wurare jigawa ce mai yashi, wadda ba ta riƙe ruwa, kuma tana da ƙarancin ruɓaɓɓen taki. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 38 a ma'aunin Salshiyas, da hunturu kuwa sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15.

Wardi ya fi jin daɗin yanayin da ke tsakanin digiri 15 zuwa 28. Wannan ne ya sa ƙasashen Afirka da suka yi fice wajen sayar da shi a kasuwar duniya, wato Kenya da Habasha, suke nomansa a kan tudu. Tafkin Naivasha na Kenya, alal misali, yana kan tudun da ya kai kusan mita 1,900 daga gaɓar teku, Jos tana kan kusan mita 1,200, yammacin Katsina kuwa bai wuce kimanin mita 500 zuwa 600 ba. Abin fahimta a nan shi ne, lokacin furen wardi na ƙwarai a Batsari da Safana shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ya jira manyan furanni a watan Afrilu, ya jira abin da yanayi bai yarda da shi ba.

Abubuwa Huɗu Da Za A Duba Kafin A Zargi Ƙwari

Na farko shi ne haske da zafi. Ganye ne ɗakin girkin tsiro, inda yake haɗa sukari daga iska da ruwa ta amfani da hasken rana, kuma da rarar wannan sukari ake gina fure. Wardi na bukatar hasken rana na kimanin sa'a 6 a yini. Wanda aka dasa a gindin mangwaro ko dalbejiya yakan yi dogayen rassa marasa ƙwari, babu fure a kansu, ga shi kuma saiwar itacen tana ƙwace masa ruwa. A ɗaya ɓangaren, zafi mai tsanani yana sa tsiro ya ƙone sukarinsa da sauri, sai furen ya fito ƙarami, launinsa a koɗe. Saboda haka wurin da ya fi dacewa shi ne gabashin gini ko katanga, inda tsiron zai sha hantsi, inuwa ta rufe shi bayan azahar.

Akwai kuma tsirran da tsawon yini ne ke ba su umarnin yin fure, kamar yadda masana biyu 'yan Amurka, Garner da Allard, suka gano a shekarar 1920. Yakuwa da dawar gargajiya suna cikin wannan rukuni, ba sa fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina. Wardin zamani ba ya cikinsu, don haka idan ya ƙi fure, ba lokaci yake jira ba, wani abu ne ya rasa.

Na biyu shi ne abinci. Manyan sinadaran da tsiro ke ci guda uku ne: naitirojin mai gina ganye, da fosfaras mai taimakon saiwa da fure, da fotashiyam mai ƙara ƙwari da jure wa cuta. Lambobin da ke jikin buhun taki, kamar 15-15-15, adadin waɗannan ukun suke nunawa a jere. Takin yuriya kuwa naitirojin ne zalla, kashi 46 cikin 100. Da yake shi ne takin da ya fi samuwa a gidajen manoma, akan ɗebo ragowar na masara a zuba wa wardi, sai ya yi ta ganye da tsawo ya manta da fure. Haka kuma zuba toka da yawa yana rage wa ƙasa ɗan tsamin da wardi ke so, wato 6 zuwa 6.5 a ma'aunin pH, sai saiwa ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe. Ganye da kansa yana faɗin abin da ya rasa: idan sabon ganye ne ya yi ɗorawa amma jijiyoyinsa suka zauna kore, ƙarfe ne ya yi ƙaranci, idan kuwa tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka fara yin ɗorawa, to naitirojin ne.

Na uku shi ne ruwa. Yayyafi kaɗan-kaɗan a kullum yana sa saiwa ta tsaya a saman ƙasa, inda rana ke ƙona ta. Abin da ya fi shi ne a ba kowane gindi bokiti guda, wato kimanin lita 10, sau biyu ko uku a mako da hunturu, a ƙara da bazara. A zuba ruwan a gindi da sassafe, kada a jiƙa ganye. Inda ruwa ke wahalar samu, akwai tsohuwar dabarar binne tulu a kusa da tsiro a bar bakinsa a waje, a cika shi da ruwa a rufe. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓu a hankali zuwa ga saiwa. A guji ruwan wanki mai omo ko kanwa, domin gishirin da ke ciki yana taruwa a ƙasa ya ƙone gefen ganye.

Na huɗu shi ne aski. Wardi a kan sabon reshe yake fure, tsohon reshe kuwa ba ya maimaitawa sai ya yi toho. A gindin kowane ganye akwai ido mai barci, kuma kan reshe yana aiko da wani sinadari mai suna oksin da ke hana idanun nan farkawa. Masana Thimann da Skoog ne suka tabbatar da haka a shekarar 1933. Da zarar an datse kan reshe, sai idon da ke ƙasa da yankan ya farka ya fitar da sabon toho, wanda zai yi fure cikin mako 6 zuwa 8. Ana yankan ne a karkace da wuƙa mai kaifi, kimanin rabin santimita a saman idon da ke kallon waje. Furen da ya yi yaushi shi ma a cire shi har zuwa ganye na farko mai 'ya'ya biyar, domin idan aka bar shi, tsiron zai karkata ga yin iri. Bugu da ƙari, yawancin wardin kasuwa mai aure ne, kamar mangwaro. Duk tohon da ya fito daga ƙasa da mahaɗin auren na gindin ne, ba ya kawo furen da ake so, kuma idan ba a fizge shi ba zai danne na sama.

Ƙwari Da Cututtuka

Idan an tabbatar waɗannan huɗu sun daidaita, sai a juya ga maƙiya. Kowanne yana da lokacinsa da alamarsa.

Darɓa ƙananan ƙwari ne masu laushi, kore ko baƙaƙe, da ke cunkushewa a kan sabon toho da ƙunshin fure. Bakinta kamar allura yake, tana soka shi cikin jijiyar tsiro tana zuƙar ruwan abinci. Wannan ruwa cike yake da sukari amma naitirojin ɗinsa kaɗan ne, don haka sai ta sha da yawa ta fitar da rarar sukarin, shi ne danƙon da ake ji a kan ganye, wanda tururuwa ke bi, baƙar funfuna kuma ta tsiro a kai. Macen darɓa tana haihuwar 'ya'ya da ransu ba tare da namiji ba, 'ya'yan kuma su fara haihuwa cikin kusan mako ɗaya. Tsiron da aka cika wa yuriya ya fi yi mata daɗi, ke nan kuskuren taki kan koma matsalar ƙwari.

Jan gizon ganye halitta ce mai ƙafa takwas, ƙanƙanta da ƙyar ido ke ganin ta, tana zama a bayan ganye. Zafi da ƙura da bushewar iska ne ke haɓaka ta, shi ya sa ta fi ɓarna daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. Alamarta ita ce ɗige-ɗige masu haske a ganye da siririyar yana. Idan aka kaɗa ganyen a kan farar takarda, za a ga ɗigo-ɗigo suna motsi.

Ƙwarin cikin fure sirara ne, tsawonsu milimita 1 zuwa 2, suna ɓuya cikin ƙunshin fure suna kankarar sa. Su ne kan sa gefen fure ya yi ruwan ƙasa ko ƙunshin ya ƙi buɗewa.

Gara ta fi kama tsiron da ƙishirwa ta riga ta raunana, ko wanda aka zuba wa ɗanyen taki da kara. Tsutsar saiwa kuwa, wadda ba a ganin ta sai da madubin ƙara girma, tana son ƙasa mai yashi, musamman inda aka daɗe ana shuka tumatir ko kuɓewa. Tana sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, tsiro ya yi yaushi ko da an ba shi ruwa.

Cututtukan funfuna biyu ne suka fi damun wardi. Baƙin tabo yana zuwa da damina, musamman a watan Agusta, domin ƙwayarsa ba ta kama ganye sai ya yi kimanin sa'a 7 a jiƙe. Farar hoda kuwa ta fi son sanyin dare da bushewar rana, tana rufe sabon ganye kamar an barbaɗa masa gari. A ƙarshe, kada a manta da akuya, wadda ke iya cinye aikin wata uku cikin ɗan lokaci. Shinge shi ne maganinta.

Matakan Magani

Rigakafi ya fi magani. A haƙa rami mai zurfi da faɗin santimita 50, a cakuɗa ƙasar da takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai, a bar tazarar kusan mita ɗaya tsakanin tsirrai domin iska ta ratsa. A lulluɓe gindin da busasshen ganyen dalbejiya, ba tare da ya taɓa jikin tsiron ba. A riƙa duba bayan ganye sau biyu a mako.

Idan ƙwari suka bayyana, a fara da hannu da ruwa: a murtsuke darɓa, a wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi da safe, a tsinke ganye da furen da suka kamu a binne su nesa da lambu. Idan hakan bai wadatar ba, sai a koma ga dalbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi. A Barno aka fara dasa wannan itaciya a Nijeriya a shekarar 1928. A 1959 wani masani Bajamushe mai suna Schmutterer ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye amma ta ƙyale nata, daga baya kuma, a 1968, aka ware sinadarin azadiraktin da ke hana ƙwari ci da girma. Yadda ake haɗawa shi ne: a ɓare busassun 'ya'yanta, a daka ƙwayar, a jiƙa giram 50 cikin lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye. A maimaita bayan mako guda, domin rana na saurin kashe ƙarfinsa.

Maganin kanti shi ne matakin ƙarshe, kuma ba aikin ɗalibi ba ne sai da malami ko malamin gona. Dalili kuwa, lambu yana da masu gadinsa: jan ƙwaron nan mai baƙin ɗigo a baya na iya cin darɓa kusan 50 a yini, gizo-gizo da zanzaro su ma suna nasu aikin. Feshi mai ƙarfi yana kashe su tare da zuma, sai darɓa da jan gizo su dawo fiye da dā, tun da sun fi maƙiyansu saurin hayayyafa. Illar sakaci da irin waɗannan magunguna ba ƙarama ba ce. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar sinadarin DDVP, wanda aka fi sani da fiya-fiya, a 2019 kuma Hukumar NAFDAC ta ƙuntata sayar da ƙananan kwalabensa a shaguna da kasuwanni.

Jadawalin Shekara

A watan Oktoba, da ɗaukewar ruwa, a yi babban aski a ƙara ruɓaɓɓen taki da ɗan takin 15-15-15. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a ci gaba da ban ruwa da cire tsohon fure, a sa ido kan darɓa da farar hoda. Daga Maris zuwa Mayu manufa ita ce tsiro ya tsira da ransa: a yi masa rumfar zana ta yamma, a daina taki da aski. Da damina a gyara magudana don kada ruwa ya kwanta a gindi, a riƙa kwashe ganyen da ya zuba.

Daga Lambu Zuwa Gona

Mai tambaya na iya cewa, me ya haɗa ɗan manomin Ruma ko Runka da furen ƙawa? Amsar ita ce maƙiyan iri ɗaya ne. Wani jinsin darɓa ne ya yaɗa cutar kuturtar gyaɗa a shekarar 1975, wadda ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya, abin da ya sa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta duƙufa wajen samar da irin gyaɗa mai jure wa cutar. Dangin ƙwarin cikin fure ne ke kakkaɓe furen wake, manomi ya ga gona kore shar amma babu ƙwaya. Haka kuma tun daga shekarar 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka hana manoma da dama a Batsari da Safana isa gonakinsu na nesa, ɗan filin da ke cikin gida ko makaranta ya ƙara daraja. Ɗalibin da ya iya karanta ganyen wardi zai iya karanta na tumatir da barkono a wannan fili.

Gwaji Don Aji

Gani ya kori ji. Malami ya tanadi tsiron wardi 8 masu girma ɗaya a cikin tukwane, ya raba su gida huɗu, biyu-biyu, duka da ƙasa da ruwa iri ɗaya. Rukuni na ɗaya a ajiye shi a hantsi, a riƙa cire masa tsohon fure. Na biyu a yi masa haka, amma a ƙara masa rabin ƙaramin cokali na yuriya duk mako biyu. Na uku a kai shi inuwar itace. Na huɗu a bar shi a hantsi ba tare da cire tsohon fure ba. Kowane mako ɗalibai su ƙirga ƙunshin fure da darɓar da ke kan toho, su rubuta a jadawali har tsawon mako 10. A lura cewa abu ɗaya tak ya bambanta kowane rukuni da na ɗaya, wannan kuwa shi ne ginshiƙin kowane gwajin kimiyya.

Tambayoyi

1. Me ya sa wardi ya fi yin fure da hunturu a yammacin Katsina?
2. Ta yaya ganye ke bambanta ƙarancin ƙarfe da ƙarancin naitirojin?
3. Wace dangantaka ke tsakanin yawan takin yuriya da yawan darɓa?
4. Me ya sa ƙwari kan ƙaru a wasu lokuta bayan an yi feshi?

Kammalawa

An ga cewa rashin fure alama ce da ke da dalilai masu yawa, kuma ƙwari ɗaya ne kawai daga cikinsu. Mai lambu na ƙwarai yakan fara da duba haske da abinci da ruwa da aski, sa'annan ya juya bayan ganye ya ga wanda ke zaune a wurin, ya zaɓi magani mafi sauƙi da zai wadatar. Ɗalibin da ya saba da wannan tsari na lura da tambaya da gwaji, ko da wardinsa bai wuce gindi ɗaya ba, ya sami abin da zai amfane shi a gonar gidansu da kuma ɗakin gwaje-gwaje.